Daga Gusau Zuwa Sakkwato Cikin Rabin Awa: Ina Matsayin Sallar Ƙasaru?

 

Kwanakin baya wata gardama ta kaure a gabanmu, a ƙofar wani masallaci a Gusau, tsakanin waɗansu aminai biyu. Na farko ɗan kasuwa ne mutumin Bungudu, mai sayar da hatsi, na biyu kuwa ma'aikacin gwamnati ne wanda aikinsa ke yawan kai shi Tsafe. Ɗan kasuwan ya ba da labari cewa ya shiga jirgin sama daga Sakkwato zuwa Abuja, ya sauka bayan kamar awa guda, ya yi Azahar raka'a biyu. Sai abokin nasa ya riƙe haɓa ya ce, "Haba Alhaji! Ko babbar rigarka ba ta yamutse ba, kana zaune aka kawo maka ruwan sanyi, sa'an nan ka rage raka'a biyu? Ai ƙasaru tamu ce, mu da muke shan baƙar wahala a hanyar Tsafe." Da aka bi diddigi, ashe shi kam duk ranar da hanya ta yi masa tsanani raka'a biyu yake yi a Tsafe, domin wai wata rana yakan ɓata awa biyu ko uku tsakanin shingayen bincike da jiran a ce hanya ta yi kyau.

Jama'ar da ke wurin da yawa sun goyi bayan ma'aikacin, gama a ido shi ne ya fi cancantar sauƙi. Amma fa a wurin malaman fiƙihu ɗan kasuwan ne ya yi daidai, ma'aikacin kuwa akwai ramuwar salloli a kansa. Dalilin haka shi ne abin da muke so mu warware a wannan mako, domin al'amari ne da ya shafi ingancin sallar ɗimbin fatake da ma'aikata a Jihar Zamfara.

Abin da ya sa maganar ta taso

Mutanen wannan yanki ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun yi fatauci da jakuna da raƙuma, sun tafi Makka a ƙasa ta Barno da Darfur, waɗansu suka shekara da shekaru kafin su komo. Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo, aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya riƙa kwasar gyada da auduga. Jirgin sama kuwa tun 1925 ya fara sauka Kano, lokacin da waɗansu jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar. Duk da haka, ko bayan da aka cire Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, an daɗe Gusau ba ta da komai sai ƙaramin filin sauka. Shekaru da yawa maniyyatan Zamfara sai an kwashe su a mota zuwa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato kafin su tashi zuwa ƙasa mai tsarki, mai son zuwa Abuja ko Legas ta sama kuma sai ya fara neman Sakkwato, ko Kano, ko Kaduna.

A shekarar 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau, tun daga sa'an nan kuwa maganar jirgi ta shiga bakin jama'a. Ba abin mamaki ba ne. Kowa ya san halin da hanyoyin Zamfara suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga masu satar mutane, musamman hanyar Gusau zuwa Funtua wadda ta ratsa Tsafe. Duk wanda ke da hali zai so ya tsallake wannan haɗari ta sama. To, tun da tafiyar sama ta daina zama ta alhazai da manyan gwamnati kaɗai, ya wajaba kowa ya san hukuncinta.

Nisan sama da nisan ƙasa

Da farko sai mu san cewa tsakanin kowaɗanne garuruwa biyu nisa iri biyu ne. Akwai nisan hanyar mota, wadda ke kewaye duwatsu da koguna tana kuma ratsa garuruwa, akwai kuma nisan da tsuntsu zai yi in ya miƙe ɗoɗar. Mai fita daga Gusau zuwa Sakkwato a mota zai bi ta Bungudu, da Maru, da Talata Mafara, da Tureta, ya share fiye da kilomita 200, watau tafiyar awa uku ko fiye in hanya lafiya. A sama kuwa, tsakanin filin Gusau da filin Sakkwato kimanin kilomita 180 ne. Daga Gusau zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 200 ne a miƙe. Zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja kuwa kamar kilomita 350 ne a sama, alhali mai mota da zai bi ta Funtua, Zariya da Kaduna sai ya yi wajen 450.

Sauran maganar lokaci. Manyan jiragen fasinja in sun daidaita a sararin sama sukan yi gudun kilomita 800 ko fiye cikin awa guda, masu farfela kuwa wajen 500. Wani zai ɗauki alƙalami ya raba 180 da 800, ya ce ashe Gusau zuwa Sakkwato ba ta kai minti goma sha biyar ba. Lissafin ba haka yake ba. Jirgi ba ya kai wannan gudu sai ya gama hawa, a gajeriyar tafiya kuwa kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi. Yakan kuma yi kwana ya daidaita da titin sauka ta ɓangaren da iska ta yarda, gama jirgi yana tashi yana sauka ne da fuskantar iska. Saboda haka tafiya irin wannan takan ci wajen rabin awa a sama. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya fi haka, domin ana ƙirga shi ne tun daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda aka ajiye shi har ya tsaya cik a ɗaya filin, har da tafiyar da yake yi sannu a ƙasa da jiran izini daga hasumiya. Abin da ya sa ke nan tafiyar da ta ninka wata a nisa ba ta ninka ta a lokaci: hawa da sauka kusan ɗaya ne a duka biyun, tsakiyar ce kawai ke ƙaruwa.

Bugu da ƙari, lokacin jirgi ba shi da tabbas. Iskar da ke bayansa tana rage masa minti, wadda ke gabansa tana ƙara masa. Da damina matuƙi yakan kewaye hadari. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe filayen Arewa har a jinkirta tashi awoyi, ko a soke tafiyar ɗungum, ko jirgi ya zo ya kasa sauka ya juya wani gari. Minti talatin na yau yana iya zama awa biyar gobe. Kilomita 180 ɗin nan kuwa suna nan yadda suke, rani da damina. A riƙe wannan, domin a kansa hukuncin ya ginu.

Ma'aunin da Shari'a ta sa

Asalin ƙasaru yana cikin Alƙur'ani mai girma, a aya ta 101 cikin Suratun Nisa'i, inda aka ɗauke laifi daga masu tafiya a bayan ƙasa in sun rage salla. Ayar ta ambaci tsoron abokan gaba, wannan ne ma ya sa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda za a ci gaba da ƙasaru bayan an sami aminci. Amsar da aka ba shi, kamar yadda Imam Muslim ya ruwaito, ta nuna cewa sauƙin kyauta ce daga Allah wadda ake so a karɓa. Daga nan malamai suka fahimci cewa tafiya ita ce dalilin hukuncin, wahala kuwa hikimarsa ce. Ba a rataya hukuncin a kan wahala ba saboda wahala ba ta da mudu. Abin da zai galabaitar da tsoho saurayi ba zai ko ji shi ba, ɗan dako a kasuwar Gusau kuma ya fi mai tafiya Kano a mota mai sanyi shan wuya, amma ba wanda ya ce ɗan dako ya rage Azahar.

A mazhabar Imam Malik, wadda ita ce ta mafi yawanmu a ƙasar Hausa, ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a sallolin Azahar, La'asar da Lisha. Asuba da Magariba ba a taɓa su. Nisan da aka sharɗanta baridi huɗu ne. Kowane baridi farsahi huɗu ne, kowane farsahi mil uku, jimla mil 48. Haka Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a Risala, littafin da ɗaliban zaure suka sani sarai, haka kuma yake a Mukhtasar na Shaihu Halilu. A Muwaɗɗa an kawo cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Makka zuwa Usfan, ko Makka zuwa Jidda, Malik kuma ya ƙiyasta wannan da baridi huɗu. Duk alhajin da ya bi hanyar Jidda zuwa Makka a mota ya ga wannan nisa da idonsa.

A nan akwai wurin da ake yawan ruɗewa, gama mil iri uku ne. Akwai mil na Turawan Ingila, wanda dattawanmu suka saba gani a duwatsun bakin hanya kafin a koma kilomita, tsawonsa mita 1,609. Akwai mil na teku, wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, tsawonsa mita 1,852, a bakinsu Gusau zuwa Sakkwato ba ta cika mil 100 ba. Akwai kuma mil na Shari'a, wanda malaman da suka auna da zira'i. Saboda saɓani a kan yawan zira'in da tsawonsa, malaman wannan zamani sun mai da mil 48 ɗin zuwa kilomita 80 da ɗoriya a lissafin waɗansu, kusan 89 a lissafin waɗansu. Wanda ya ƙirga 48 da mil na Ingila zai tsaya a kilomita 77, ya ɗan gaza. Mai son kuɓuta daga shakka, in tafiyarsa ta faɗa tsakanin 80 da 89, sai ya tambayi malaminsa. In ta haura 90 kuwa babu sauran magana.

Littattafan sukan kuma bayyana wannan nisa da cewa tafiyar yini biyu ce ta raƙuma masu kaya. Wannan ne ya sa waɗansu suke cewa tun da jirgi ya mai da yini biyu minti kaɗan, ƙasaru ta faɗi. Sun manta cewa yini biyun awo ne na ƙasa, kamar yadda mutanen da suke cewa gari kaza zango biyu ne. Raƙumin shi ne sandar awo, ba a ce dole matafiyi ya yi yini biyu ba. Da wannan sanda, Gusau zuwa Sakkwato ta sama ta haura zango huɗu, watau ta ninka nisan ƙasaru.

Abin sha'awa, malamanmu sun yi wannan magana tun jirgin sama bai zo duniya ba. Shaihu Dasuƙi na Masar, mai hashiya a kan sharhin Mukhtasar, wanda ya rasu a 1815, shekara biyu kafin rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya bayyana cewa wanda ya yanke wannan nisa ta hanyar da ta saɓa wa al'ada, ko da ta tashi sama ne cikin ƙiftawar ido, zai yi ƙasaru. Jirgi na farko mai inji kuwa sai a 1903 ya tashi a Amurka. Ashe ke nan ɗan kasuwan Bungudu bai ƙirƙiro komai ba. Tsakanin Sakkwato da Abuja ta sama kusan kilomita 500 ne, raka'a biyunsa kuma sunna ce ya raya.

Ma'aikacin fa? Daga Gusau zuwa Tsafe kimanin kilomita 40 ne, rabin abin da ake nema. Ko yini ya yi a hanya nisan bai ƙaru ba. Ba a kuma haɗa zuwa da dawowa a ce sun kai 80, domin zuwa kaɗai ake ƙirgawa. A wurin malaman mazhaba, wanda ya yi ƙasaru a nisan da bai kai mil 36 ba sallarsa ta ɓaci, sai ya sake ta raka'a huɗu. Sauƙin da yake da shi wani ne dabam: mazhaba ta yarda mai tafiya a ƙasa ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, bisa sharuɗɗansu, ko da tafiyar ba ta kai nisan ƙasaru ba. Wanda ke gudun kada dare ya yi masa a hanyar Tsafe wannan ƙofar ya kamata ya tambaya, amma kowace salla da raka'o'inta cikakku.

Mota ɗaya, hukunci uku

Domin a ƙara fahimta, bari mu kawo misali daga hanyar da kowa ya sani. Mota ta taso daga Bungudu za ta Funtua. Ta ɗauki mutum a Bungudu, ta yi kamar kilomita 20 ta ɗauki wani a Gusau, ta wuce dutsen Kwatarkwashi ta ɗauki na uku a Tsafe. Mutumin Bungudu tafiyarsa wajen kilomita 130 ce, na Gusau wajen 110, duka biyu za su yi ƙasaru. Na Tsafe kuwa tafiyarsa kamar kilomita 70 ce, sai ya cika. Kujera ɗaya suka zauna, ƙura ɗaya suka sha, amma ba hukunci ɗaya ba.

Akwai kuma na huɗu, wanda ya shafi ma'aikata ƙwarai. Mutum yana aiki a Gusau, amma gidansa da iyalinsa suna Tsafe. A mazhaba, shiga garin da mutum ya riƙa a matsayin mazauni, ko garin da matarsa wadda ya tare da ita take zaune, yana yanke hukuncin tafiya. Idan wannan mutum ya tashi daga Gusau za shi Funtua, hanya kuwa ta cikin Tsafe ta bi, tafiyarsa ta rabu biyu: 40 kafin gida, 70 bayan gida. Babu wadda ta kai, saboda haka ba shi da ƙasaru ko kaɗan. Amma da Zariya ya nufa, da zai cika har ya fita Tsafe, daga nan ya fara ƙasaru, domin abin da ya rage ya haura nisan.

Wace hanya ake aunawa, ta sama ko ta ƙasa? Wadda mutum ya bi. Sai dai Shaihu Halilu ya yi togaciya cewa wanda ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa ba da wani uzuri ba, ba zai yi ƙasaru ba in gajeriyar ba ta kai nisan ba. Wanda tsoron 'yan bindiga ko karyewar gada ya sa shi kewaye kuwa yana da uzuri, doguwar hanyar da ya bi ita za a duba. Game da filayen jiragen da muka ambata wannan ba ya kawo matsala, gama ko ta sama ko ta ƙasa duk sun wuce iyaka nesa ba kusa ba.

Daga ina ake farawa, a ina ake tsayawa?

Riƙe tikiti a hannu ba ya mai da mutum matafiyi. Sai ya fita daga gidajen garinsu da lambunan da ke haɗe da su waɗanda ake zama a ciki. Wannan ya sa wurin da filin jirgi yake yana da muhimmanci. Filin Malam Aminu Kano, alal misali, gari ya riga ya kewaye shi, saboda haka Bakano mai jiran jirgi a can yana cikin garinsu, in lokacin salla ya same shi sai ya cika. Mutumin Gusau da ke zaune kusa da shi, wanda ya zo Kano da safe domin ya wuce, matafiyi ne tun daga bayan gari, raka'a biyu zai yi. Haka nan mutumin Bungudu ko na Tsafe da ya fito gida da niyyar shiga jirgi a Gusau zuwa Abuja, ya zama matafiyi da zarar ya bar gidajen garinsu, ko da yake Gusau kusa take, domin niyyarsa tun farko doguwar tafiya ce a jere. Mutumin Gusau shi kuwa sai ya duba, in gidajen gari sun haɗe da filin, mazauni ne har jirgi ya ɗaga.

Idan an isa, ƙasaru tana ci gaba muddin mutum bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, watau abin da zai kai salla ashirin. Ma'aikacin da aka tura taron kwana biyu a Abuja zai yi ta ƙasaru har ya dawo. Wanda aka tura kwas na mako biyu kuwa zai cika tun daga isarsa. Wanda bai san ranar gamawa ba, kullum yana cewa gobe, kamar ɗan kasuwa mai jiran a biya shi kuɗi ko fasinjan da hazo ya tsare, yana nan a kan ƙasarunsa ko da kwanakin sun yi yawa. In matafiyi ya bi limami mazauni sai ya cika tare da shi. Sharaɗi ne kuma tafiyar ta zama ta halal. Wanda ya fita domin saɓon Allah ba shi da rabo a wannan sauƙi, ko a jirgi yake ko a kan jaki.

Juma'a, azumi da rana

Akwai abubuwa uku da gajeriyar tafiyar sama takan jawo, waɗanda ya kamata a lura da su tun wajen sayen tikiti.

Na farko Juma'a. Ma'aikata sun fi son tashi ran Juma'a domin su yi hutun ƙarshen mako a gida. A mazhaba, wanda Juma'a ta wajaba a kansa makaruhi ne ya fara tafiya bayan fitowar alfijir, haramun ne kuma bayan rana ta yi zawali, sai fa in zai riski Juma'a a gaba ko yana da lalura. A nan saurin jirgi yana da amfani, gama wanda ya tashi da hantsi yana iya samun huɗuba a garin da ya nufa. Amma a tuna da abin da muka faɗa game da jinkiri, kada a dogara da lokacin da ke kan tikiti kamar wahayi.

Na biyu azumi. Nisan da ke halatta ajiye azumin Ramalana shi ne nisan ƙasaru, sai dai mazhaba ta ƙara sharaɗi, cewa mutum ya fita gari kafin alfijir. Wanda ya kwana a gidansa a Gusau, jirginsa kuma sai ƙarfe goma na safe, ya wayi gari mazauni, azumin wannan rana yana kansa. Ko ga wanda ya cika sharuɗɗan ma, yin azumin ya fi a wurin Malik in ba zai cutu ba, tafiyar rabin awa kuwa da wuya ta cutar da mai lafiya.

Na uku rana. Agogon Nijeriya ɗaya ne daga Barno har Sakkwato, amma rana ba ta bin agogo. Sakkwato tana yamma da Gusau, rana tana faɗuwa a can bayan ta Gusau da kamar minti shida, Kano kuwa tana gabas, tana riga Gusau da kamar minti bakwai. Kowa da lokacin wurin da yake zai yi salla ya kuma sha ruwa. Mai azumin da ke cikin jirgi ya sani cewa wanda ke sama yana ganin rana bayan ta ɓace wa mutanen ƙasa, saboda haka ba zai sha ruwa ba don agogo ya nuna an kira salla a garin da ke ƙarƙashinsa, sai ranar ta faɗi daga inda shi yake.

Game da yin salla a cikin jirgi, tafiyar rabin awa ko awa guda ba kasafai take cinye lokacin salla duka ba. Abin da ya fi shi ne a yi ta a ƙasa, da tsayuwa da fuskantar alƙibla, kafin a shiga ko bayan an sauka. Zaman jira a filin jirgi shi ya fi cinye wa mutane salla, ana zuba ido ga allo ana cewa yanzu za a kira. A yi alwala tun da wuri, da lokaci ya shiga a sauke farali. Doguwar tafiya irin ta Sakkwato zuwa Jidda, wadda ta kai wajen kilomita 3,700, awa biyar ko fiye a sama, ga kuma bambancin awa biyu tsakanin agogonmu da na Saudiyya, tana da nata hukunce-hukuncen, za mu keɓe mata wani mako in Allah ya yarda.

Kafin mu rufe

Da aka yi wa aminan nan biyu wannan bayani, ma'aikacin ya yi shiru, can ya tambaya yadda zai ƙirga sallolin da ya rage a Tsafe. Aka ce masa ya yi kirdado gwargwadon abin da zuciyarsa ta natsu da shi, ya riƙa ramawa, Allah kuwa Mai gafara ne ga wanda ya nemi sani ya gyara. Muna kira ga 'yan'uwa fatake da ma'aikata, yadda kowa ke tambayar kuɗin mota da lokacin tashin jirgi kafin ya fita, ya riƙa tambayar kilomita nawa ne tsakaninsa da inda za shi, kwana nawa zai yi, ko hanyar ta ratsa gidansa. Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ke nuna ko raka'a biyu zai yi ko huɗu. Muna kuma roƙon limamai da masu wa'azi a Gusau, Tsafe, Bungudu da sauran garuruwanmu su riƙa karantar da babin sallar tafiya da sunayen garuruwan da jama'a suka sani.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya tsare matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya karɓi ibadunmu, amin. Sai mako mai zuwa.